Mafarkin Ido Biyu: Jigo da Salo a Hotunan Richard Mosse

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa gani ya kori ji. Tun lokacin da kyamara ta shiga hannun 'yan jarida, wannan magana ta zama jarin mai ɗaukar hoto, domin abin da baki ya faɗa ana iya musunsa, amma abin da hoto ya nuna sai a ce ai ga shi nan. To, ina matsayin hoton da ya nuna abin da ido bai taɓa gani ba, kuma ba zai iya gani ba, alhali kuwa abin yana nan? Wannan ita ce tambayar da ayyukan Richard Mosse suke jefo wa manazarci.

Mosse mutumin ƙasar Ailan ne, an haife shi a 1980. Ya fara karanta adabin Ingilishi a Landan, daga baya ya yi digiri na biyu a kan fasahar hoto a Jami'ar Yale ta Amurka, ya gama a 2008. A wannan maƙala za a dubi aikin da ya yi a gabashin Kwango daga 2010 zuwa 2013, sannan wanda ya yi a kan 'yan gudun hijira daga 2014 zuwa 2017. Za a yi amfani da ma'aunan nan biyu da muka saba auna waƙa da zube da su, watau jigo da salo. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, baƙon launin hotunansa yana cin nasara ne a inda ya tono wani abu da yake nan a zahiri, a inda kuwa bai tono kome ba sai ya koma ado a kan wahalar wasu.

2.0 Ma'anar Kalmomi

2.1 Hasken Bayan-ja

A 1800 wani masanin taurari mai suna William Herschel, wanda ke zaune a Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, hasken ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo. Ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, da ya kai ƙarshen ja sai ya gusa da ma'aunin gaba kaɗan zuwa inda babu wani launi, sai ya tarar zafin ya ƙaru. Ashe akwai wani haske a bayan ja wanda ido ba ya kamawa. Shi ne Turawa suka kira infared, a nan kuwa za mu kira shi hasken bayan-ja.

Mai sauraren rediyo zai fahimci abin da sauƙi. Tashoshi da yawa suna cikin iska a lokaci guda, kowace a kan nata zango, amma akwati yana kama waɗanda aka ƙera shi domin su ne kawai. Haka idon ɗan Adam yake: yana kama hasken da tsawon zangonsa ya faɗo tsakanin nanomita 400 da 700, ita kuwa nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita. Abin da ya wuce 700 ya fita daga ikon ido. Bayan-ja iri biyu ya shafe mu. Akwai na kusa, wanda yake fitowa daga rana ya bugi abu ya dawo, kamar sauran haske. Akwai kuma na nesa, wanda kowane jiki mai ɗumi yake fitarwa da kansa, ko dare ko rana. Mosse ya yi aiki da na farko a Kwango, ya yi da na biyu a kan 'yan gudun hijira.

2.2 Mafarkin Ido Biyu

Masu sharhi sukan danganta hotunan Mosse da tafarkin fasahar nan da André Breton ya fitar da manufofinsa a Faransa a 1924, wanda ake kira sariyalizim. Mabiya wannan tafarki sun nemi su haɗa duniyar mafarki da ta farke a wuri ɗaya, su kawo abubuwan da aka sani a cikin yanayin da hankali bai saba da shi ba. Mun ga ya dace a kira wannan da Hausa mafarkin ido biyu. Sai dai akwai bambanci muhimmi. Mai zanen sariyalizim daga ƙwaƙwalwarsa yake ɗebo baƙon abu. Mosse bai ƙaga kome ba, bai kuma shafa wa hoto launi da kwamfuta ba: tudun da ya ɗauka yana nan, hasken ma yana nan. Nasa mafarkin daga waje ya zo.

3.0 Fim ɗin Tonon Asiri

Robert Wood, masanin kimiyya Ba'amurke, shi ne ya fara buga hotunan bayan-ja a 1910, aka ga ganyayen itatuwa sun fito fari fat kamar an watsa musu gari. Dalili kuwa shi ne ɗanyen ganye yana mayar da mafi yawan bayan-ja na kusa da ya sauka a kansa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin Kodak da sojojin Amurka suka mayar da wannan sani makami. Abokan gaba sukan shafa wa motocin yaƙi koren fenti, su lulluɓe su da koriyar raga, ta yadda mai leƙe daga jirgin sama ba zai bambanta su da daji ba. Amma fenti ba ya mayar da bayan-ja yadda ganye yake yi. Saboda haka aka ƙera fim mai launi wanda zai raba su, wanda daga baya aka san shi da sunan Aerochrome.

Yadda yake aiki shi ne, ana sa rawayan gilashi a bakin kyamara ya tare shuɗin haske, sannan fim ɗin ya gusa da sauran launuka mataki ɗaya-ɗaya: bayan-ja ya fito ja, ja ya fito kore, kore ya fito shuɗi. Ɗanyen ganye, tun da yana ɗauke da bayan-ja mai yawa da ɗan kore, sai ya fito tsakanin ja wur da launin garura da ruwan hoda. Abin da aka fenta kuwa sai ya fito da duhu, asirinsa ya tonu. Bayan yaƙi masu binciken gandun daji da gonaki da ma'adinai sun yi amfani da shi, mawaƙan Turai da Amurka kuma suka yi ta ƙawata bangon faifansu da shi a shekarun 1960. A 2009 Kodak ya daina yin sa. A shekarar da ta biyo baya Mosse ya kwashi abin da ya samu na ragowarsa ya nufi Kwango.

Ya kamata a lura da wani abu a nan, domin shi ne tushen duk abin da zai biyo baya. Ja ɗin da ake gani a irin wannan hoto fassara ce. Bayan-ja ba shi da launi. Injiniyoyin Kodak ne suka zaɓa masa ja, da sun so da sun ba shi wani. Da zarar mai kallo ya gane haka sai ya tuna cewa hoto na yau da kullum shi ma fassara ne, an dai daidaita shi ne da abin da ido ya saba. Duk wanda ya taɓa fassara ya san cewa fassarar da ta fi santsi ita ce ta fi ɓoye hannun mai yin ta.

4.0 Kwango: Infra da The Enclave

Rikicin gabashin Kwango ya samo asali ne daga abubuwa da dama, daga ciki har da kwararar mutane da mayaƙa bayan kisan ƙare dangi na Ruwanda a 1994, da yaƙe-yaƙe biyu da suka biyo baya, na 1996 zuwa 1997 da na 1998 zuwa 2003, da tsohuwar jayayya a kan filayen noma da kiwo, da kuma kwaɗayin zinariya da kuza da koltan. Wata ƙungiyar agaji ta Amurka mai suna International Rescue Committee ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.4 ne suka mutu daga 1998 zuwa 2007, mafi yawansu saboda cuta da yunwa, ko da yake wasu masana sun yi jayayya da wannan adadi. Duk da haka labarin bai cika samun shiga a kafofin duniya ba. Matsalar da Mosse ya sa a gaba ke nan: yaƙin da ba a gani, ya tunkare shi da hasken da ba a gani.

Ya ɗauki jerin hotunan da ya kira Infra da babbar kyamarar katako mai ƙafa uku, irin wadda sai an tsaya an shirya kafin a ɗauka, aka buga su a littafi a 2012. Sannan ya koma tare da mai ɗaukar fim Trevor Tweeten da mai tsara sauti Ben Frost suka yi The Enclave, fim na kimanin minti 39, wanda aka nuna a rumfar Ailan a bikin baje kolin fasaha na Venis a 2013. An rataye allunan majigi shida a tsakiyar ɗaki mai duhu, mai kallo yana yawo a tsakaninsu, babu inda zai tsaya ya ga duka a lokaci guda. Babu mai ba da labari, babu bayani a rubuce. A 2014 aikin ya ci kyautar Deutsche Börse ta fasahar hoto.

4.1 Inda Salo Ya Ɗauki Jigo

Mu fara da hoton da ya kira Safe From Harm, watau wanda ya tsira daga cuta, na 2012. Wani mayaƙi ne na ƙungiyar Mai Mai Yakutumba a yankin Fizi na Kivu ta Kudu, ya tsinko ganye ya yi wa kansa lulluɓi da shi domin ya saje da daji. A fim ɗin Kodak ganyen ya koma ruwan hoda, ita kuwa fatar mutumin ba ta canja sosai ba, saboda haka sai ya fito fili kamar wanda aka yi wa kwalliyar biki. Abin da ya sa domin ya ɓuya shi ne ya fi kome jan ido. A nan salo da jigo sun zama abu ɗaya, domin fim ɗin ya yi ainihin aikin da aka ƙera shi dominsa, amma maimakon ya nuna wa jirgin yaƙi inda zai jefa bom, sai ya nuna wa mai kallo saurayin da ke ƙarƙashin ganyen.

Haka kuma hotunan tuddan Masisi. Wanda ya ga waɗannan tuddai a hoto na yau da kullum zai ga koren makiyaya da shanu, hankalinsa ya kwanta, ya wuce. Fim ɗin bayan-ja kuwa yana rina duk inda ciyawa take da rai, ya bar inda aka share ko aka haƙa da wani launi dabam. Tun da ƙasar ita ce abin da ake kashe juna a kanta, to fim ɗin da ya sa ƙasa ta zama babbar tauraruwar hoto ya faɗi gaskiyar da hoton jarida ba ya faɗi. Wannan shi ne abin da a nazarin waƙa muke kira alamtarwa, sai dai alamar a nan ba mawaƙi ne ya ɗora ta ba, daga jikin abin ta fito.

Na uku shi ne hoton ƙoƙon kan wani da aka kashe a kisan gillar Busurungi na 2009, an ajiye shi cikin ciyawa da furanni. Duk abin da ke da rai a hoton ya yi ja, ƙashin kaɗai ne bai karɓi launin ba. Fim ɗin da aka yi domin ya raba rayayyen ganye da mataccen fenti, ga shi ya raba rayayye da matacce.

A 1917 manazarcin adabi na Rasha Viktor Shklovsky ya yi bayanin cewa sabo yana kashe gani, aikin fasaha kuwa shi ne ta mayar da sananne baƙo domin ido ya sake tsayawa a kansa. A waɗannan hotuna uku Mosse ya cika wannan sharaɗi, ya kuma ƙara da wani: baƙuntar ta koya mana wani abu.

4.2 Inda Salo Ya Danne Jigo

Amma dabara ɗaya ce aka yi ta maimaitawa a hotuna masu yawa, kuma launin ba ya zaɓe. Yadda ya rina wurin da aka yi kisa haka yake rina wurin da ba a yi kome ba. A The Enclave akwai gawarwaki a gefen hanya, da sansanin waɗanda suka tsere wa mayaƙan M23 da suka kama Goma a watan Nuwamba na 2012, da jana'iza, da mayaƙa suna nuna yadda suke kai hari. Duka sun fito cikin launi ɗaya mai daɗin kallo. Bayan minti goma ido ya saba da ruwan hoda kamar yadda ya saba da kore, baƙon ya zama ɗan gida. Mawaƙin da ya sami kyakkyawar siffantawa ya sa ta a kowane baiti, ya san abin da yake faruwa da ita kafin ya kai ƙarshen waƙa.

Matsala ta biyu ta fi wannan nauyi. A 1975 Chinua Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Massachusetts a kan littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, ya nuna yadda aka mayar da Kwango dandalin da Bature yake gwada hankalinsa, mutanen ƙasar kuwa aka hana su magana. Mosse ya san Conrad, ya kuma ambace shi a bayanin aikinsa. Tambayar ita ce, shin ya fita daga wannan tarko? A ganina bai fita duka ba. Mai kallo a Venis ya shiga ɗaki mai duhu, ya ga wata ƙasa mai launin mafarki, ya ji muryoyi da waƙa amma ba a ba shi abin da zai gane wane ne yake yaƙar wane, ko ina kuzar take tafiya. Zai iya fita da tsohon tunaninsa, cewa Kwango wuri ne da hankali ba ya kamawa. Alhali kuwa rikicin yana da dalilai da masu cin riba, ana iya lissafa su. Duhun da Conrad ya lulluɓa wa ƙasar an sake masa launi ne, lulluɓin yana nan.

Masu kare Mosse sukan ce kyau shi ne ƙugiyar da ke kama mai kallon da ya gaji da hotunan wahala. Wannan gaskiya ne, kuma Susan Sontag, wadda ta yi gargaɗi a 1977 cewa yawan irin waɗannan hotuna yana dusashe tausayi, ita kanta ta sassauta ra'ayinta a 2003. Sai dai ƙugiya hanya ce. Idan an kama mai kallo, ina aka kai shi? Mayaƙan M23 sun sake kama Goma a watan Janairu na 2025, kusan shekara goma sha biyu bayan baje kolin Venis. Ba laifin mai hoto ba ne, amma ya isa ya sa mu rage abin da muke ɗora wa hoto.

5.0 Incoming: Jiki a Matsayin Zafi

A 2015 fiye da mutum miliyan ɗaya suka tsallaka teku zuwa Turai. Mosse da abokan aikinsa biyu suka bi hanyoyi biyu: ta gabas, daga Siriya da Iraƙi da Afganistan ta Turkiyya zuwa tsibiran Girka, da ta kudu, daga ƙasashen Sahel ta cikin Sahara zuwa Libiya, watau hanyar da Agadas ta zama babban zangonta. Kyamarar da suka ɗauka ta sojoji ce, tana gano ɗumin jikin mutum daga nisan kilomita 30, kuma dokokin cinikin makamai sun lissafa ta a matsayin makami. An nuna fim ɗin, mai tsawon minti 52, a alluna uku a cibiyar Barbican ta Landan a 2017.

A nan babu launi sam, fari ne da baƙi. Kyamarar ba ta ganin launin fata, ba ta ratsa gilashi, ƙwayar ido kuwa sai ta fito kamar rami. Mutane suna tafiya a hankali, domin an rage saurin fim ɗin, kamar fatalwa. Ma'aunin da muka kafa yana aiki a nan ma. Akwai wurin da masu ceto a tsibirin Lesbos suke murza jikin wanda aka tsamo daga teku, sanyi ya kusa kashe shi. Duk inda hannu ya taɓa sai sawun ɗuminsa ya zauna a kan bargo na ɗan lokaci kafin ya dushe. Babu wata kyamara ta yau da kullum da za ta iya nuna wannan. Jigon fim ɗin gaba ɗaya, watau rai da ke fita da rai da ake ƙoƙarin mayarwa, ya bayyana a matsayin abin da ake iya aunawa.

Amma a wurare da yawa an ɗauki mutane ne daga nesa ba da saninsu ba, da na'urar da masu tsaron iyaka suke farautarsu da irinta. Mosse ya ce manufarsa ita ce ya juya makamin a kan masu shi, ya sa Bature ya ga yadda gwamnatinsa take kallon baƙo. Ana kuma iya cewa ɓacewar fuska kariya ce ga mai gudun hijira. Duk da haka, wanda aka cire wa fuska da suna da harshe ya zama ɗumi kawai, kuma wannan shi ne ainihin abin da ake zargin masu tsaron iyaka da shi. Wanda ya ari idon maharbi domin ya nuna muninsa, da idon maharbi yake kallo har ya gama.

6.0 Kwatanci

Domin a ga cewa akwai wata hanya, ya kamata a ajiye aikin Kiripi Katembo kusa da na Mosse. An haifi Katembo a Goma a 1979, ya rasu a Kinshasa a 2015. A jerin hotunansa mai suna Un regard, watau kallo, ya ɗauki mutanen Kinshasa ne ta cikin inuwarsu a kududdufan titi, sannan ya kifa hoton. Sai duwatsu da sharar da ke cikin ruwan suka zama kamar suna shawagi a sararin sama bisa kawunan masu wucewa. Wannan ma mafarkin ido biyu ne, amma abin da ya haife shi, watau ruwan da ya kwanta saboda rashin magudana, yana daga cikin abin da hoton yake magana a kai. Mazaunin birnin zai gane titinsa, ya kuma gane ƙorafin. Baƙuntar Katembo an yi ta ne domin ɗan gari ya sake ganin garinsa, ta Mosse kuwa domin na nesa ya waiwayo. Kowace tana da amfaninta, amma ta biyun ta fi bukatar a tambaye ta wa take yi wa aiki.

7.0 Kammalawa

An ga cewa launin hotunan Mosse fassarar wani haske ne na gaskiya, kuma kayan aikinsa biyu duka daga rumbun sojoji suka fito. An ga inda wannan ya haifi hotunan da babu wata hanyar samunsu: ganyen mayaƙin Fizi, da ƙashin Busurungi, da sawun hannu a Lesbos. An kuma ga inda dabarar ta zama riga ɗaya da ake sa wa kowa. Da alama shi kansa ya ji wannan suka, domin a fim ɗinsa na 2022 a kan ɓarnar dajin Amazon, Broken Spectre, ya bar wata mata 'yar ƙabilar Yanomami ta fuskanci kyamara ta yi magana da bakinta, aka kuma fassara abin da ta faɗa.

Darasin da manazarcin adabi zai ɗauka shi ne, duk salon da ya ba mu mamaki sai mu tambaye shi abin da ya nuna mana wanda da ba mu sani ba. Gani yana korar ji ne idan wanda ya gani ya fahimta. Inda aka nuna mana mutum aka hana mu jin ta bakinsa, to har yanzu da sauran aikin kunne.